Kwantenar Haɗaka

Talata, Garwa

Yau yara na bar wa shago, na hau mashin zuwa Yelwa wajen Alhajin da ya yi mana lodi daga Cana. Waya ta daina amfani tsakanina da shi, kullum na kira sai "sati mai zuwa in Allah ya yarda". Keken ɗinkin wuyan riga ne na saya a Guwanzu tun kafin sanyi, da nufin hannuna ya faɗa da shi kafin ɗinkin Sallah. Ga shi zafi ya shigo, rairayin Binuwai duk ya fito fili, keke ko ƙeyarsa.

Na tarar da benci cike. Akwai wani yaro mai gyaran waya da ke jiran gilasai, da wata Hajiya wadda kayan ɗakin 'yarta ke cikin lodin, an riga an sa ranar biki. Tana riƙe da rasidinta a leda, ya sha ninki har rubutun ya fara gogewa. Ita ce ta sa Alhajin ya faɗi gaskiya, don ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Alhaji, ka faɗa mini abin da zan faɗa wa surukai."

Ashe jirgi ya daɗe da sauke kaya a Duwala. Kwantenarmu ta haɗaka ce, kayan mutane da yawa a ciki, kowa da 'yan kwalayensa. Da aka shigar da ita na'urar haska kaya, sai aka ga abin da bai dace da takarda ba. Wani bawan Allah ya rubuta takalma, ya cusa kwalayen magani a tsakiya. Shi ke nan, 'yan duwan, wato kwastan, suka ce a fasa, a fito da komai, a ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Ni ban ga laifinsu a nan ba, mun san abin da ƙwayoyin nan ke yi wa samari a unguwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardata tsaf take, amma kekena na zaman laifin mutumin da ko sunansa ban sani ba. Bera ya ja wa rami ruwa. Kuma kuɗin ajiya na tashar jirgi yana hawa kowace rana, wanda a ƙarshe mu za a raba wa.

Daga nan ya jawo kalkuleta. Harajin shigo da kaya a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, hawa-hawa ne. Na injinan aiki bai kai na kayan sawa da na ƙawa ba, shi ya sa fuskar Hajiya ta canja fiye da tawa. Amma ba a kan kuɗin da ka biya ɗan Cana kaɗai ake ɗora shi ba, sai an haɗa da kuɗin jirgi da inshora tukuna. Bayan nan TVA, harajin sayen kaya, ta hau kan jimillar duka, har da harajin kansa, kashi 19.25 cikin ɗari. Ya tura mini kalkuletar in gani da idona. Na gani. Na ce, "Alhaji, wannan ai ba shi muka yi da kai ba." Ya ce da Fillanci in yi munyal. A garin nan duk wanda zai ci kuɗinka da haƙuri yake fara maka.

Ko an saki kwantenar gobe, da sauran tafiya. Daga Duwala sai Yawunde, sai Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, sannan a ɗora wa babbar mota ta gangaro dutsen nan mai kwane-kwane da direbobi ke tsoro, kusan kilomita 280 kafin Garwa. Mai gyaran wayar ya ce mu gode Allah, ɗan'uwansa na Injamena sai kayansa sun wuce Marwa, sun kai Kuseri, sun haye gadar Ngeli, can ma a sake buɗe takardu.

Na tambayi ko da ta jirgin sama na aiko. Nauyin keken kaɗai ya isa amsa, can da kilo ake biya.

Azahar ta same ni a hanya. Da na koma shago an ɗauke wuta, yara na zaune suna fifita da kwali. Riguna na nan jibge an yanka an haɗa, wuya kawai suke jira. Malam mai shadda ruwan toka ya zo, karo na nawa ban ƙirga ba, na ce masa Alhamis. Bayan tafiyarsa na ware guda shida na ba Ɗanjuma ya kai wa mai keke a babbar kasuwa, jaka biyu kowace wuya, wato ribar ta tafi can.

Alhajin ya ce zai turo hoton kwalina idan an buɗe. Har na rufe shago bai turo ba. Gobe in na sami mai zuwa Duwala cikin direbobin unguwa, zan ba shi lambar kwantenar ya leƙa mini da kansa.