Kafin in yi wa lasifikokina ƙafa, kunnena na fara aunawa

Lasifikoki biyu gare ni, ƙanana, tsayin kowace bai wuce santimita 30 ba, kuma sun daɗe a kan kabad ɗin talabijin. Da an buga ganga ko kalangu sai katakon kabad ɗin ya ɗauki rawa, muryar mawaƙi ta nutse cikin gunji. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, lafiyarta lau, wayoyi ma haka. Mazaunin ne bai dace ba, shi ya sa na yanke shawarar yi musu ƙafafu nasu na kansu.

Na zauna a kujerar da na saba sauraro, na sa ƙanena ya auna daga ƙasa zuwa kunnena, aka sami santimita 93. Dalilin awon shi ne, ƙaramin bakin nan na saman lasifika, wanda masu gyara ke kira tiwita, shi ke fitar da siririn sauti, kuma siririn sauti miƙewa yake yi sak zuwa inda aka fuskantar da shi. Bes kuwa, wato kakkauran sauti, bazuwa yake ko'ina a ɗaki. In tiwita tana ƙasa da kunnenka sosai, ko sama da shi, tsabtar murya ta wuce ka. Tawa tana santimita 24 daga gindin lasifika, don haka ƙafa mai kusan santimita 70 nake bukata, wato inci 28. Da yawa daga cikin na kanti inci 24 ne, kusan santimita 61, sun fi dacewa da kujera mai lotsawa. Wanda kuma a kan kafet yake zama ya jingina da filo, kamar yadda ake yi a falukanmu da yawa, ko inci 24 ɗin ma ya yi masa tsawo. Babu tsayin da ya yi wa kowa daidai.

Na zagaya kasuwar Sabon Gari. Waɗanda na gani suna da sheƙi, amma da yatsa ɗaya nake girgiza su, in kuma na ƙwanƙwasa bututun ƙarfen da ke tsakiyar ƙafar sai ya yi ƙara kamar gwangwanin madara. Ƙarfen da ke amsa ƙwanƙwasa haka zai amsa wa kiɗa ma, ya ƙara masa abin da ba nasa ba.

Sai na nufi wajen mai walda da zanena. Ya duba ya ce, "Malam, wannan faranti na ƙasa ai ya yi kauri, kuɗin zai hau."

Na ce, "Bari ya hau, Oga. Akwai yara a gidan."

Nauyi a ƙasa nake so, da faɗi, don kada yaro ya taɓa lasifika ta faɗo masa a ka. Farantin sama kuma na sa ya ɗan gaza gindin lasifika, kada bakinsa ya leƙo. Ya bar mini ƙofa a saman bututun don zuba yashi.

A nan ne na fi ganin amfani. Na tankaɗe yashi, na shanya shi ya bushe ƙayau, domin mai laima tsatsa zai jawo daga ciki, musamman da damina. Na ɗura shi a doguwar leda, na cika kusan kashi biyu cikin uku na bututun. Da na sake ƙwanƙwasawa, ƙarar nan ta mutu gaba ɗaya, kuma bes ya daina yaɗuwa, ana jin kowane bugu daban.

Tsinin ƙarfe da ake sa wa wasu ƙafafu na kafet ne, yana huda shi ya taka daɓe. Falona tayil ne, don haka roba na liƙa a kusurwa huɗu. Tsakanin lasifika da faranti na sa ɗan danƙon Blu Tack, gutsure huɗu kamar ƙwayar wake, ya riƙe ta gam.

Lasifikokina suna da ramin iska ta baya, in sun manne da bango bes yakan kumbura. Na jawo su santimita 40 daga bango, na daidaita tazarar da ke tsakaninsu da tazarar kowace zuwa kujerata, na ɗan karkato su ciki. Murya ta dawo tsakiya daram. Da yake ana matsar da su wajen shara, na manna ɗan salatif a tayil inda kowace ƙafa ke tsayawa, na nuna wa uwargida da yaran.