Baƙin da ke zuwa a cikin dutse

Shekara shida ke nan ina haɗa wa mutane akwatin gilashi na kifin teku a nan Garwa, ni da yara biyu. Rabin kiran da nake samu iri ɗaya ne: "Malam, zo ka gani, wani abu yana motsi a ruwana, kuma ba ni na sa shi ba."

Ruwan Binuwai ba ya riƙe kifin teku, mu muke haɗa namu, gishirin teku giram 35 a kowace lita. Baƙin kuwa a cikin dutse suke zuwa. Muna ce masa dutse mai rai, duk jikinsa ramuka ne, kuma a jiƙe yake isowa daga Duwala, saboda ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai da ke jikinsa su ke tsabtace ruwan. Duk abin da ya laɓe a ramukan nan, da shi ka saya.

Da rana ba ka ganin komai. Sai bayan isha'i nake zuwa, a kashe fitila, in rufe bakin tocila da jar leda, in durƙusa in jira. Fararen ɗigo-ɗigo da ke tsalle a jikin gilashi, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, su ne kofefod. In na gan su daɗi nake ji, don abincin kifi ne, kuma alama ce ruwa ya zauna. Akwai amfifod, masu lanƙwasasshen baya kamar jaririn jatan lande, suna gudu tsakanin duwatsu. Akwai tsutsa mai farin gashi a gefe biyu. Muninta ke sa a tsane ta, amma ita ke cinye ragowar abincin da zai ruɓe. Kada dai a taɓa ta da hannu, gashinta na shiga fata kamar ƙaiƙayi.

Wadda nake tsoro ita ce Aiptasia, wata 'yar dabbar teku da ke manne wa dutse. Kamar ƙaramar bishiyar giginya take, ruwan ƙasa, jikinta garai-garai, kana kai mata tsinke sai ta shige rami. Tana harbin murjani, wato halittar teku mai rai da ake kiwo a akwatin, da duk abin da ya raɓe ta.

Bara wani Alhaji ya ga guda uku a akwatinsa, ya sa reza ya kankare su. Bai san duk guntun da ya ɓalle sabuwa yake zama ba. Bayan wata biyu ya kira ni, dutsen ya cika. Yana riƙe da kwalbar maganin kifi mai sinadarin tagulla, wai zai zuba. Na ce, "Alhaji, don Allah ajiye. Wannan zai kashe maka dodon koɗi da jatan lande da murjani gaba ɗaya, kuma dutsen zai sha shi ya riƙe."

Sirinji na ɗauko da ruwan lemon tsami, ina bin su ɗaya-ɗaya ina tsira musu a baki, biyar ko shida a rana, don kada tsamin ya ɓata ruwan. Mako uku muka yi. Ranar ƙarshe ƙaramar 'yarsa ce ta riƙe mini tocila, ita ta nuna mini wata 'yar tauraruwar teku mai ƙafafu ba daidai ba, manne da gilashi. Asterina ce, na ce a bar ta. Tun daga lokacin, duk sabon dutse sai ya yi wata guda a wani akwati daban a shagona kafin ya shiga gidan kowa.