Godiyata ga duk wanda ya sa hannu a littafin girkin nan

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, littafin girke-girken gargajiya da na daɗe ina yi muku alƙawari ya fito, an yi taron ƙaddamarwa lafiya, an watse lafiya. Sunana ne a bango, amma ilimin da ke ciki na iyayenmu mata ne, don haka da su zan fara.

Gwaggona ta unguwar Jakara a Kano, Allah ya saka miki da Aljanna. Wannan baiwar Allah tun tana budurwa take gasa gurasa a tanderu, ba ta taɓa auna komai ba. In na tambaye ta yawan gishiri ko yis sai ta ce, "Ke dai zuba daidai, hannunki zai gaya miki." To ni takarda zan rubuta wa, ita kuwa takarda ba ta da hannu. Sai na koma zama kusa da ita da cokali da gwangwanin madara. Ta ɗebo abu za ta watsa a kwaɓi, in riƙe mata hannu, ta juye a faranti, in auna, in rubuta, sannan a ci gaba. Ta yi faɗa, ta ce ina ɓata mata aiki, amma ba ta taɓa kora ta ba. Haka na yi da Inna mai alkaki da nakiya, wadda rabin amaren unguwarmu ita ta yi musu kayan gara. Ita ta hana ni rubuta awoyin da kwaɓin alkama zai yi kafin ya yi tsami, domin abin da zai tashi a dare ɗaya da bazara, da hunturu sai ya ƙi. Ta ce in rubuta alamar: ƙanshin da za a ji da yadda saman zai tsattsage. Duk inda kuka ga irin wannan bayani a littafin, bakinta ne.

Masu tambayar dalilin da ya sa ban yi awo da mudu ba, ku yi haƙuri. Mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, gwangwanin madara kuwa kowane gida akwai shi kuma girmansa ɗaya.

Ina godiya ga ƙannena da 'ya'yan maƙwabta da suka yarda na gwada rubutun a kansu. Nakan miƙa wa yarinya takarda in ce ta yi ɗanwake ko alkubus ba tare da ta tambayi kowa ba. Inda duk ta tsaya ta rasa ta cewa, nan nake ƙara bayani. Saboda su ne aka fayyace cewa sai ruwa ya tafasa sosai ake jefa ɗanwake, kuma kanwa jiƙa ta ake yi a tace, ba a zuba ta da tsakuwarta.

Malaminmu na Jami'ar Bayero da ya duba ƙa'idojin rubutu bai karɓi ko sisi ba. Malam, Allah ya ƙara girma. Shi ya nuna mini hanyar samun lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma tuna mini cewa doka ta ce a kai musu kwafi 3 bayan an buga. Na faɗi wannan ne don 'yan'uwa mata masu niyyar buga nasu, kada ku tsallake shi.

Wajen ɗab'i ne na sha wuya. Maɗaba'ar da na fara kai wa aikin ta dawo mini da gwaji duk haruffa masu lanƙwasa sun zube, ga kuɗin takarda kullum sai hawa yake. Akwai daren da na ce na haƙura. Maigida ne ya ce ba a fasawa, ya ɗauki nauyin shafuka masu launi, matan adashinmu kuma suka bar mini ɗauka tun kafin layina ya zo. Ban san da wane baki zan gode muku ba. Na gode wa yaron da ya tsara shafukan a maɗaba'a ta biyu, wanda ya bi littafin layi-layi, da mai hoton da ya jure zafin kicin. Miyar kuka ba ta kyau a hoto, sai da muka shiga Kasuwar Kurmi muka sayo akushi da faifai sannan ta fito yadda ake so.

Ga waɗanda suka halarci taro, malamai da 'yan'uwa da ƙawaye, da masu kayan miya na 'Yankaba da suka bar rumfunansu suka zo, Allah ya bar zumunci. Ina roƙon ku sa mahaifiyata a addu'a, ita ta fara ɗora ni a kan murhu, Allah bai nufa ta ga littafin ba. Allah ya jiƙanta.

Waɗanda suka biya kuɗi tun kafin a buga, naku na nan a ware. Na cikin gari za a kawo muku har gida, na Zariya da Katsina da Dutse kuma za a sa muku a mota cikin makon nan, in sha Allahu.