Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Yadda Hukuma Ke Yanka wa Jirgi Hanya a Ƙasar Mutane

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya mun tsaya a inda na kama aiki a sashen awon filaye na hukumar jirgin ƙasa, wadda kowa a nan Sudan ke ce wa sikka hadid. Yau zan ajiye labarin kaina tukuna, domin abin da zai biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san dokokin da muka gada daga Turawa, da yadda ake karɓar fili a hannun mai shi a shimfiɗa dogo.

Layin da ya ratsa hamada bai nemi izinin kowa ba, don na yaƙi ne. Ranar 1 ga Janairu 1897 sojojin Kicina, janar ɗin Ingila, suka fara shimfiɗa shi daga Wadi Halfa, suka ratsa hamadar Nuba zuwa Abu Hamad, tafiyar wajen kilomita 370 babu gari babu gona. Shi ya sa tashoshin wurin ba su da suna, sai lamba, daga ta 1 zuwa ta 10. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1,067, kuma har gobe shi ne faɗin layin Sudan. Ƙarfen mara nauyi ne, fam 50 a kowane yadi, aka ɗora shi a kan katako a bisa rairayi ba tare da tsakuwa ba. Abin da ya fi ba su wuya ruwa ne, sai da kowane jirgi ya riƙa jan tankunan ruwan da zai sha zuwa da dawowa, kafin a dace da rijiya a wurare biyu. Suka isa Abu Hamad a ƙarshen Oktoba 1897, Atbara a 1898, aka yi yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898, sannan dogo ya sauka Halfaya, tsallaken Khartum, a ƙarshen 1899.

Injiniyan da ya ja wannan aiki wani saurayin hafsa ne ɗan Kanada, Percy Girouard. 'Yan'uwa na Najeriya su riƙe sunan. Shi ne aka kai Arewa a 1907 ya zama gwamna, shi ya tsara layin Baro zuwa Kano, mai faɗi ɗaya da namu, wanda ya shiga Kano a 1911. Kuma daga kwamitin filaye na 1908 da aka kafa a zamaninsa aka fitar da dokar 1910 wadda ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon gwamna. Mai gina dogo ya fi kowa sanin cewa ƙarfe da katako ba su ne tsadar aiki ba idan sai ya yi ciniki da kowane mai gona.

A Sudan rigimar fili ta fara ne da dogo ya baro hamada ya bi gaɓar Nilu. Gonakin gaɓa na sagiya ne, wato keken ɗebo ruwa da shanu ke juyawa. Kowace sagiya filinta siriri ne mai tsawo, kansa a bakin kogi, jelarsa ta nufi tudu, jere kamar haƙoran matsefi. Dogo kuwa yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da kogin, saboda haka ba ya cinye gona guda ya bar sauran, sai ya gutsiri kowacce. Ga shi kuma sagiya ɗaya takan zama ta magada ashirin ko fiye. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ana kasa shi ƙirati 24, kowane ƙirati kuma sahami 24, kuma akwai wanda duk gadonsa bai wuce 'yan sahami ba.

Yarjejeniyar Ingila da Masar ta 19 ga Janairu 1899 ta bai wa Gwamna Janar ikon yin doka da sanarwa kawai. A shekarar aka fitar da dokar tabbatar da mallaka, wadda ta ce wanda ya riƙe fili shekara 5 a jere kafin ya kawo da'awa, nasa ne. A 1903 aka yi dokar karɓar fili don amfanin jama'a. A 1905 aka yi dokar tantance filaye, wadda ta ce daji da fako da duk ƙasar da ba kowa a kanta ta hukuma ce, sai in wani ya kawo hujjar akasin haka. An sabunta wannan a 1925 tare da tsarin rajista, an sabunta ta karɓar fili a 1930, kuma da ta 1930 ɗin muka yi aiki.

Mutane sun fi jin tsoron dokar karɓar fili, amma a ganina ta 1905 ce mai haƙora. Dokar karɓa ko ba komai ta yarda kai ne mai fili, ta ce za ta biya ka. Ita kuwa waccan ta juya nauyin hujja ne: ba hukuma ce za ta nuna filin nata ba ne, kai ne za ka nuna naka ne. Rajista kuma ba ta game ƙasa ba. An yi ta a gaɓar Nilu ta arewa, da Jazira, da manyan garuruwa. Yawancin Kordofan da Darfur da Gabas ba a taɓa ja musu sarƙar awo ba. To duba inda dogo ya bi bayan haka: Atbara zuwa Bahar Maliya a 1906, Madani da Sinnar da gadar Kosti wajen 1909 zuwa 1910, Ubayyid a ƙarshen 1911, Kasala a 1924, Gadarif a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929. Mafi yawan wannan tafiya a ƙasar da doka ta riga ta kira ta hukuma aka yi ta.

Ga yadda aikin yake a takarda. Da farko a buga sanarwa a gazet ɗin hukuma cewa mai yiwuwa a buƙaci fili a yanki kaza. Wannan sanarwa ita ke halatta wa masu awo su shiga gona, su kafa na'ura, su haƙa ramin gwajin ƙasa, su sare abin da ya tare musu gani, ɓarnar da suka yi kuma a biya. Su fitar da tsakiyar layi su kafa turaku, sannan su auna hurumin dogo dama da hagu. A zana kuruki, wato taswirar da ke nuna lambar kowane fili da abin da aka gutsira daga cikinsa. Daga nan sai sanarwa ta biyu, mai cewa an tabbatar za a karɓa, a naɗa jami'in karɓar fili. Shi zai sa rana ya zauna, galibi tare da omda, wato dagacin yanki, da shehun hilla, wato mai gari, kowa ya kawo da'awarsa. In an daidaita a kan kuɗi, shi ke nan. In ba a daidaita ba a miƙa wa kwamitin sulhu ya yanke. Abin lura, gardamar a kan kuɗi kawai take. Ko za a karɓa ko ba za a karɓa ba, wannan an gama shi tun a gazet.

Filin da dogo ke ci bai kai yadda ake zato ba. A ce faɗin hurumin mita 42 ne, to kilomita ɗaya fadan 10 ke nan cif. Tasha ce ke cin fili, da layukan kauce wa juna, da rumbunan kaya, da tankin ruwa, da gidajen 'yan darisa masu gyaran layi, waɗannan zagayayyun ɗakuna masu tsinin kai da ake gani a kowace tasha. Sai ramukan da ake ɗibar ƙasar cikon layi, waɗanda sau da yawa ba sa shiga lissafin farko.

Inda abin ke lalacewa kuwa, na farko lokacin awo. Da rani ake fita, domin da damina laka ba ta barin mota ko raƙumi su motsa a baƙar ƙasar Jazira da Gadarif. Da rani kuma gonar damina, wadda ake ce wa bildat, an girbe dawa, dabbobi sun cinye kara, ba abin da ya raba ta da daji a idon baƙo. Saura da aka bari ta huta shekara uku ko huɗu ta fi shiga haɗari, don ƙaya ta rufe ta, sai a rubuta ta ƙasar da ba kowa. Burtalin makiyaya kuwa ba shi da mai tsaya masa, don ranar zaman da'awa masu shi suna can mashekari.

Na biyu, rajista da sunan mamaci. Kaka ya yi rajista, ya rasu, 'ya'ya da jikoki suna noma ba su je kotun shari'a an fitar musu da takardar gado ba. Jami'i ba zai biya wanda sunansa ba ya cikin littafi ba, sai kuɗin ya zauna a ajiya har a kawo takarda, wani lokaci kuɗin zuwa kotu ya fi diyyar yawa.

Na uku shi ne wanda ya fi cutarwa, kuma ba ya fitowa a kuruki: ruwa. Layi a kan gini yake tafiya, tudun ƙasa mai tsawo. A ƙasa mai shimfiɗe irin ta Butana da Jazira, manomi yana tara ruwan sama ne da taras, wato 'yar ganuwar ƙasa da yake ja a gefen gangaren gonarsa. Da ginin dogo ya gitta, sai gonakin sama su zama tafki, na ƙasa su bushe. Maganinsa kwalbati, wanda a nan muke ce wa barbakh, a kowace hanyar ruwa. Amma mai awon rani yana ganin babban kwari ne kawai, ƙananan hanyoyin ruwa ba ya ganinsu. In kwalbati ya yi kaɗan, ruwa ya taru ya ci ginin ta ƙasa, ƙarfe ya rage a rataye da katakonsa, jirgi ya kwana biyu ko mako a tasha. Hukuma takan ƙara kwalbati bayan irin wannan, don asararta ce. Daminar da manomi ya rasa kuwa ba ta cikin abin da aka biya shi.

A Jazira hukuma ta bi wata hanya dabam. Saboda madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, tana son fili mai yawa don auduga, kuma filin yana da rajista. Sayensa duka ya yi tsada, sai dokokin 1921 da 1927 suka ba ta ikon karɓar haya dole: girshi 10 a kowane fadan a shekara, har shekara 40. Wanda aka buƙata dindindin, na magudanan ruwa da gine-gine, aka saye shi fam 1 kowane fadan. Mai fili yana da fifiko wajen samun hawasha, wato gonar da hukumar aikin ke ba manomi, wadda da farko fadan 30 ce, amma abin da zai shuka da ranar da zai sha ruwa ba a hannunsa suke ba. Girshi 10 ɗin bai motsa ba, kayan masarufi kuwa suna ta hawa.

Akwai kuma dazuzzukan bagaruwa na gaɓar Shuɗin Nilu, wadda Larabawa ke kira sunut. Katakonta mai tauri ne, da shi ake yin falanka, wato katakon da ƙarfe ke kwanciya a kai, kuma kowace kilomita tana cin fiye da dubu. Aka killace dazuzzukan, musamman bayan dokokin daji na 1932, aka kafa injinan yanka katako a irin su Suki. Wuraren nan fadamu ne da ruwa ke kwanciya, inda a da ake kiwo da ɗan noman rani.

Mutanenmu a ina suka faɗo cikin wannan? Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso da jama'arsa aka zaunar da su kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Bayansu alhazai suka yi ta zuwa a ƙasa ta Fallomi (Njamena ta yau) da Abeshe da Fashir da Nuhud, su hau jirgi a Ubayyid in suna da guzuri, in babu su tsaya aikin madatsa ko tsinkar auduga. Wanda ya zauna, gonarsa daga hannun shehun gari ya same ta, da baki, yana ba da ɗan abin da aka yi alkawari bayan girbi. Wannan riƙo ne, hiyaza, ba mallaka ba. Waɗanda ke kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, a cikin Jazira kuwa ko filin bukkarsu na hukumar aikin ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ƙara ɗaure abin, don ta nemi mutum ya nuna shi ko kakansa na wajen uba yana Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar Burmi sun makara da 'yan shekaru.

Mulkin kai bai sassauta ba. Dogo ya ci gaba zuwa Babanusa, ya kai Niyala a 1959, da dokokin nan dai. A 1970 gwamnatin Numairi ta yi dokar filaye marasa rajista, ta ce duk abin da ba a yi wa rajista ba kafin ranar na hukuma ne, ta rufe ƙofar kawo hujjar da dokar 1905 ta bari a buɗe. Dokar mu'amaloli ta 1984 ta soke ta, ta amince da haƙƙin amfani, amma asalin mallakar ya zauna a hannun hukuma.

Saboda haka masu zuwa gaban jami'in karɓar fili kashi uku ne. Mai milik hurr, wato cikakkiyar mallaka, wanda ya riƙo shahadat bahas, takardar binciken rajista mai ɗauke da sunansa, ana biyansa kuɗin ƙasa da abin da ke kanta. Mai hikir, wato hayar hukuma ta tsawon shekaru, ana duba ginin da ya yi da abin da ya rage na wa'adinsa. Mai hiyaza kuwa, abin da zai iya nema shi ne na abin da hannunsa ya kafa: bukka, rijiya, itatuwan da ya dasa, da amfanin da ke tsaye. Shi ma sai da shaidar shehun hilla da maƙwabta, da rasiɗin ushur in ya adana, kuma sai ya tabbata an ƙidaya itatuwan an rubuta kafin gatari ya taɓa su, domin kututture ba ya shiga lissafi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga Atbara.