Kujerar da babu ƙusa a jikinta

Shagona yana Tudun Wada, ba nisa da kasuwar Panteka, kuma mu huɗu ne a ciki har da yara biyu masu koyo. Aikinmu ƙera kujeru da tebura da akwatuna irin na da, waɗanda ake gani a tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati tun bayan da Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917.

Wata Hajiya ce ta sa ni a wannan hanya. Ta kawo kujerar mahaifinta ta madaci, ta ce, "Malam, irinta nake so guda biyar, kada ka canza mata komai." Da na kwance ta a hankali, ko ƙusa ɗaya ban tarar ba. An huda rami a ƙafa, an sassaƙa harshe a kan sandar da za ta shige shi, sannan aka buga siririn turken katako ya ratsa su duka biyun. Na daɗe zaune ina jujjuya ƙafar nan a hannuna.

Duk kafintan Kaduna ya san katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Ƙusa ƙarfe ce, ba ta bin sa, a hankali raminta ya buɗe, kujera ta fara rawa. Rami da harshe kuwa tare suke motsi.

Amma sai katakon ya bushe tukuna. Na taɓa yin gaggawa da katakon loko da aka kawo daga kudu da sauran danshi a cikinsa. Teburin ya yi kyau a watan Satumba, kafin Janairu fuskarsa ta tsage. Na karɓo shi na sake wani daga aljihuna, har yau abin yana damuna. Yanzu jera katako nake yi a inuwa, da tsinke tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, sai ya ga hunturu ɗaya aƙalla kafin zarto ya taɓa shi. Madobiya kam ta yi wuya tun da aka yi ta kwasar ta zuwa ƙasar Sin.

Masu saye kan ce kuɗin ya yi yawa. Ba na jayayya, kifar da kujerar nake yi in nuna musu turken. Cikin yarana akwai wanda wata uku ke nan rami kawai yake hudawa, jiya ne harshensa na farko ya shige daidai ba tare da gam ba.