Katin 84 da ya hana ni sakat shekara uku

Akwai wani kati a aljihun jakar sandunana wanda ya yi laushi kamar tsumma saboda yawan fito da shi. A ƙasansa an rubuta 84 da fensir. Ku da kuka fara golf kwanan nan kun san abin da wannan lamba ke nufi a wurin wanda bai taɓa sauka ƙasa da 91 ba. Wanda bai san wasan ba kuma, ramuka 18 ne, a yawancin filaye bugu 72 aka ƙayyade musu, kuma mai ƙarancin bugu shi ne gwani.

Ranar da na buga 84 ɗin ban yi wani abin kirki na musamman ba, amma sai da na daɗe kafin na yarda da haka. Sau biyu ƙwallona ta nufi daji, ta bugi bishiya ta dawo tsakiyar fili. Sau uku na gangara ta daga nesa ta faɗa rami, irin bugun da ko ni da na yi shi sai da na buɗe baki. Iska ba ta motsa ba tun safe. Na koma gida ina cewa a raina, shi ke nan, na zama ɗan 84. Sati na zagayowa na buga 99.

Daga nan na shiga uku. Kowane wasa da wancan kati nake auna shi. In na buga 92, wanda a da zan yi murna da shi, sai in ce na lalace da bugu takwas. Na canza riƙon sanda. Na sayi sabuwar direba, wato doguwar sandar nan ta bugun farko, na sayar da ita bayan wata huɗu. Da daddare ina kwance ina kallon bidiyon masu koyarwa, wannan ya ce ka karkata kafaɗa, wancan ya ce kada ka kuskura, da safe in je fili in haɗa su duka a bugu ɗaya. Garin neman ƙiba na samo rama, don a shekara ta biyu har 100 na riƙa wucewa akai-akai, abin da na riga na bari a baya.

Abin da zan fara gaya muku shi ne, lambar da kuka fi kowace kyau ba ita ce matsayinku ba. Rana ce da iyawarku da sa'a suka haɗu a hanya. Kuma ba ni kaɗai ke faɗin haka ba, tsarin handikaf kansa, wato lambar da ke auna matsayin ɗan wasa, a kan haka aka gina shi. Tun 2020 hukumomi biyu da ke kula da dokokin wasan, USGA ta Amurka da R&A ta St Andrews a Scotland, suka haɗa duniya a kan tsari ɗaya. Ana duba wasanninka 20 na baya-bayan nan, a daidaita kowanne da wahalar filin da aka buga shi, a zaɓi 8 mafiya kyau, a fitar da matsakaicinsu. To ku yi lissafi da kanku. Sha biyu an watsar da su tun farko don sun fi muni. Cikin takwas ɗin da suka rage ma, kusan rabi ba su kai matsakaicin ba. Ke nan mutum yakan kai handikaf ɗinsa wajen sau huɗu ne cikin ashirin. Sauran ranakun duk zai buga sama da shi, kuma babu abin da ya lalace, haka aka tsara abin. Ni kuwa ba ma handikaf na sa a gaba ba, rana ɗaya tak na ɗauka na mai da ita ma'auni.

Na fahimci inda bugu ke zubar mini ne a rami na 7 na filin da na fi zuwa, kuma wani dattijo ne ya nuna mini. An haɗa mu wasa ba tare da mun san juna ba. Ya kai shekara saba'in, bugunsa gajere, ƙwallo ba ta tashi sama sosai, amma duk inda ya nufa nan take zuwa. Rami ne mai ƙa'idar bugu huɗu. Bugun farko na jefa ƙwallo cikin bishiyoyin dama. Da na iso na same ta a kan busassun ganye, gabana akwai wata 'yar kafa tsakanin kututture biyu, faɗinta bai fi taga ba, ta cikinta ina hango tuta. Na zaro doguwar sanda.

Dattijon ya tsaya a gefe, ya dogara da sandarsa. Ya ce, "Yaro, in an ba ka ƙwallo goma, nawa za ka fitar ta wannan kafa?"

Na ce, "Baba, ai biyar ba za su gagara ba."

Ya yi murmushi ya ce, "To Allah ya ba da sa'a."

Ƙarar da ƙwallo ta yi a jikin kututturen har yanzu ina jin ta. Ta dawo ta wuce kunnena, ta faɗi bayan inda nake. Bugu na uku na yi shi cikin fushi, na sari saman ƙwallo ta yi 'yar tafiya ta tsaya cikin ciyawa. Na huɗu na ce sai na rama, na kai mata duka da ƙarfina, ta faɗa tafkin da ke gaban dandalin rami. Bugun tara, wato hukuncin faɗawa ruwa, ya mai da shi biyar. Na shida ya shiga yashi, na bakwai ya fito, sai gangare biyu. Na rubuta 9. Shi kuwa Baba, da gajerun bugunsa, 5 ya rubuta. Muna tafiya zuwa rami na gaba ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Bugun farko kuskure ne, kowa na yi. Sauran kai ka saya da kuɗinka."

Da na tura ta gefe zuwa fili a bugu na biyu, da 5 ko 6 zan tashi da shi. Bugu uku ko huɗu ke nan na zubar a rami ɗaya, kuma ba hannuna ne ya zubar da su ba. Abin da ya sa na zaɓi kafar nan shi ne ina bin 84 bashi, na riga na lissafa cewa in na yarda da 5 a nan to yau ma ba zan kai ba.

Bayan wannan rana na sayi ɗan littafi, na fara rubuta kowane wasa, mai daɗi da marar daɗi, har suka cika ashirin. Wannan ita ce shawarar da na fi so ku ɗauka, kuma ita ce mafi ƙarancin armashi. Da na jera su sai na ga mafi kyau 88, mafi muni 103, yawancinsu kuma suna zagaye da 95. Ashe ni ɗan 95 ne mai kai da kawo tsakanin 88 da 103, kuma duk lambar da ta faɗo cikin wannan tazara tawa ce, ba baƙuwa ba. Ban da jimilla, abu uku nake rubutawa a gefe: bugun tara nawa na ci, ramuka nawa na gangara sau uku, da ramukan da na haura ƙa'ida da bugu uku ko fiye. Nan na ga abin da ya ba ni mamaki. Ranar 89 da ranar 100 kusan iri ɗaya suke a ramuka sha huɗu ko sha biyar. Bambancin duk yana cikin ramuka uku ko huɗu da suka tarwatse, kuma kusan kowannensu ya fara ne da kuskure ɗaya da na ƙi haƙura da shi.

Ga wani lissafi mai sauƙi da ban taɓa zama na yi ba sai a lokacin. Wanda ya haura ƙa'ida da bugu ɗaya a kowane rami, a filin 72, zai tashi da 90. Ba ya bukatar ko da rami ɗaya da ya buga daidai ƙa'ida. Sai na ɗauki fensir kafin a fara wasa, na ƙara ɗaya a kan ƙa'idar kowane rami a katina, mai huɗu ya koma biyar, mai biyar ya koma shida. Da wannan sai bugu na biyu ya daina zama dole ya hau dandali, sai na daina ɗaukar sandar da ban iya ba don in tsallake ruwa. Ba zan ce muku nan take lambobina suka sauka ba. Abin da ya fara raguwa shi ne 9 da 10 a kati.

Masu cewa ai ƙwararru ba sa irin wannan hawa da sauka, ba su duba da kyau ba. A gasar Open ta 2010 a St Andrews, Rory McIlroy ya buga 63 a ranar farko, washegari da iska ta taso ya buga 80. Mutum ɗaya, fili ɗaya, sanduna ɗaya, bambancin bugu 17 cikin kwana guda. A gasar Masters ta 2011 ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da bugu huɗu, ya sake buga 80, kofi ya kuɓuce, bayan wata biyu kuma ya lashe US Open da ratar bugu takwas. Tiger Woods a Masters ta 2020 ya jefa ƙwallo uku a ruwa a rami na 12, mai ƙa'idar bugu uku, ya rubuta 10. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya, don a biyar daga cikin ramuka shida da suka rage ya buga ƙasa da ƙa'ida. Ni a lokacin da nake bin 84 bashi, da na rubuta 10 to an gama wasan ranar, sauran ramukan jan ƙafa ne kawai. Kuma waɗannan mutane, da wasan ne sana'arsu, in ƙwallo tana ƙafa takwas daga rami kusan rabi kawai suke jefawa. Talabijin ce ke ruɗin mu, don waɗanda suka shiga take ta nunawa. Ni da ke zuwa fili sau ɗaya a mako ina zagin kaina a kan bugun da gwanayen duniya ke kuskurewa sau ɗaya cikin biyu.

Akwai masu ba da shawarar cewa a manta da maki gaba ɗaya, a sha iska kawai. Ban yarda da su ba, kuma na lura yawancinsu su ne suka fi kowa sanin abin da suka buga. Ƙirga bugu shi ne wasan. Sai dai a san yadda za a ƙirga. In ranar ta zo da gardama, ku gwada tsarin Stableford, wanda wani likita, Frank Stableford, ya ƙirƙiro, aka yi gasa da shi a Wallasey ta Ingila a 1932. Maki ake tarawa a kowane rami: biyu in ka buga daidai ƙa'ida, ɗaya in ka haura da ɗaya, in ka wuce haka babu komai, sai ka ɗauki ƙwallonka ka yi gaba. Rami ɗaya ba ya iya cinye maka yini. Tsarin handikaf ma haka yake yi, akwai iyakar abin da yake ƙirgawa a rami ɗaya, komai munin abin da ya faru a can.

Kada kuma ku taɓa bugunku saboda wasa ɗaya. In abu ya maimaita kansa a wasa biyar ko shida a jere, kamar ƙwallo kullum tana lanƙwasa dama, to wannan lalura ce, a kai ta wurin mai koyarwa ɗaya a zauna da shi. Wasa ɗaya marar kyau kuwa ba ya nuna komai. Wataƙila barci ne bai ishe ka ba, wataƙila iska ce, wataƙila babu dalili ko kaɗan, ba kullum ake kwana a gado ba. Tara jimilla a rami na 9 ma na daina, don duk ranar da na ga 42 a nan sai hannuna ya fara rawa a na 10, ina kare lambar da ban riga na samu ba.

Katin 84 yana nan a jaka, ban yar ba, kuma har yau ban sake buga shi ba. Na yi 86 sau ɗaya. Watan jiya na buga 89, sati na gaba 101. A wasan 101 ɗin ƙwallona ta sake shiga bishiyoyin dama a rami na 7, kusan wuri ɗaya da na wancan karo, har kafar tana nan tana kallona. Na zaro gajerar sanda na tura ta gefe zuwa fili, lafiya lau, ina yaba wa kaina hankali. Bugu na uku kuma na jefa ta tsakiyar tafki. Na rubuta 7.