Abin da sule ɗaya a wata ya koya mini

Lokacin da aka ba ni aikin nazari kan ƙungiyoyin taimakon juna na baƙaƙen fatar Amurka, na ɗauka zan tarar da jawabai da zanga-zanga, amma sai na tarar da littattafan ajiyar kuɗi da dokokin biyan kuɗin wata. A wurinsu na ɗauki darasin da ya fi zauna mini.

Ƙungiyar da ta fi tsayar da ni ita ce Free African Society, wadda Richard Allen da Absalom Jones suka kafa a Filadelfiya a 1787, dukkansu kuwa cikin bauta aka haife su, daga baya suka fanshi kansu. Dokarta ta ce kowane ɗan ƙungiya zai riƙa zuba sule ɗaya duk wata, kuma ba a fara taimaka masa daga asusun sai ya cika shekara yana biya. Ba a karɓar mashayi, wanda kuma ya yi wata uku bai biya ba babu uzuri, sai a gargaɗe shi sannan a cire sunansa. Da farko na ga kamar an tsananta, har sai da na karanta abin da kuɗin ke yi: kula da mara lafiya, tallafa wa matar mamaci, da sa marayu a makaranta ko a hannun mai sana'a. Wanda ya taɓa shiga adashi ya san cewa mutum ɗaya da ya ƙi zubi yana iya rusa tafiyar kowa. A 1793, da annobar zazzaɓin shawara ta afka wa birnin, masu hali da yawa suka gudu, 'yan wannan ƙungiya suka tsaya suna jinya suna binne gawa.

Akwai kuma reshen ƙungiyar 'yan'uwantaka ta Mason da Prince Hall ya jagoranta a Boston, wanda ya samu takardar izini daga Ingila a 1784 domin rassan fararen fata na Amurka ba su karɓe su ba, haka kuma aka yi wajen kafa reshen baƙaƙe na ƙungiyar taimakon juna ta Odd Fellows a 1843.

Inda na fi daɗewa shi ne birnin Richmond na jihar Bajiniya, domin a can na ga ƙungiyoyi biyu da ƙarshensu ya bambanta. Ƙungiyar True Reformers ta samu izinin kafa banki a 1888, ta bunƙasa har ana alfahari da ita, amma a 1910 bankin ya durƙushe bayan an ci amanar dukiyar masu ajiya daga cikin gida. Ita kuwa Independent Order of St. Luke, lokacin da Maggie Lena Walker ta karɓi ragamarta a 1899, asusunta bai kai dala 40 ba. Ta bi ta gyara lissafi, ta jawo mata da yara, a 1903 ta buɗe bankin da ake ajiye ko kwabo ne, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta kafa banki a Amurka. Wannan banki ya tsallake karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929 ta hanyar haɗewa da wasu bankuna biyu na baƙaƙen fata.

Tun daga lokacin na daina tsallake shafin rahoton ma'aji a duk takardun ƙungiyar da nake nazari, da shi ma nake farawa.